Bugun Zane Mai Launin Hannu: Yadda Katako Ke Kwaikwayon Buroshi

  

Yau za mu ɗan yi nisa da gida. Za mu leƙa wata sana'a ta masu zane a Amurka da Ingila, wadda ake kira bugun zane, musamman irin wanda ba ya nuna siffar mutum ko dabba ko gida, kuma ake sa masa launi da hannu. Kada jin haka ya sa ki ce, "To ni ina ruwana da aikin Turawa?" Ki ɗan saurara tukuna. Duk macen da dillaliya ta taɓa kawo wa turmin atamfa, ta karɓa ta juya ciki da bai, ta ɗaga shi a haske don ta gane ko na ainihi ne, to tana da irin idon da wannan zance yake bukata.

Tambayar da za mu bi ita ce: ta yaya abin da aka buga da katako ko farantin ƙarfe, aka fitar da guda talatin ko fiye, zai fito da rai kamar yanzu aka ɗaga buroshi daga kansa? Wasu mutane sun kwashe shekaru arba'in suna neman amsar wannan tambaya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa nisa a ciki mace ce.

Mene ne bugun zane?

Ki tuna hatimin da ake buga wa a katin asibiti ko takardar makarantar yara. An sassaƙa rubutu a jikin roba, a dangwala shi a tawada, a danna a takarda. Abin da ke jikin robar shi zai fito, sai dai a juye, dama ta koma hagu. To asalin bugun zane ke nan. Mai zane ba ya taɓa takardar kai tsaye. Yana aikinsa a jikin wani abu daban, sannan wancan abin ya kai saƙon ga takarda.

Hanyoyin suna da yawa, amma uku ne manya. Ta farko ita ce ta katako: a sami falanki mai santsi, a sassaƙe duk inda ba a so ya fito, a shafa tawada a kan abin da ya rage, a kifa takarda a danna. Ta biyu ta farantin jan ƙarfe ce: a karce zanen a jikinsa, ko a sa ruwan asid ya ci wuraren da ake so, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman fes, sannan a sa takarda mai ɗan danshi a wuce da su cikin injin matsi, takardar ta tsotso tawadar daga ramukan. Ta uku kuwa ta dutse ce, wadda wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano wajen shekarar 1796. Ita tana aiki ne da abin da kowace mai wanke-wanke ta sani, wato ruwa da mai ba sa haɗuwa. Ana zane a kan dutse da abu mai maiƙo, a jiƙa dutsen, sai tawada ta kama inda maiƙon yake kaɗai.

Sana'ar tsohuwa ce. Littafin bugu mafi daɗewa da ke ɗauke da kwanan wata, da katako aka buga shi a ƙasar Sin a shekarar 868, kuma yana ajiye a Landan. Lokacin da bugun katako ya bazu a Turai a shekarun 1400, da baƙar tawada kawai ake bugawa, sai a bi kowace takarda a sa mata launi da hannu. Kin ga ashe sa launin hannu tare suka taso da bugun.

A nan akwai abin da ya kamata mu rarrabe. Hoton kalanda da fostar da ake liƙawa a bango su ma bugawa aka yi, amma su hoton wani abu ne da inji ya zubo dubbai. Bugun da muke magana a kai, mai zanen ne da kansa ya tsara katakon ko farantin don wannan aiki, kuma adadinsa ƙayyadadde ne. A ƙasan kowace takarda zai sa hannu da fensir, ya rubuta lamba, misali 5/33, ma'ana ta biyar cikin talatin da uku. Idan adadin ya cika, akan karce farantin ko a huda shi don kada a ƙara. Shi ya sa kowace ɗaya ake ɗaukarta aiki na ainihi, ba a ce mata kwafin wani abu.

Zane marar siffa

Sai kalma ta biyu. Zane marar siffa shi ne wanda idan kin kalle shi ba za ki ce ga doki, ga bishiya, ga fuskar wance ba. Launi ne, da layi, da fili. A Turai sai a farkon ƙarni na ashirin masu zane suka fara yin haka da gangan. Wata mata 'yar ƙasar Suwidin mai suna Hilma af Klint ta fara nata a 1906, sai wani ɗan Rasha, Wassily Kandinsky, ya yi suna da shi 'yan shekaru bayan 1910. Mutanensu da yawa sun yi ta tambaya, "Wai hoton mene ne wannan?"

Mu kuwa wannan tambaya ba ta cika damunmu ba. Wa ya taɓa tambayar mai ɗinkin hula hoton mene ne ya ɗinka? Ko mai saƙar faifai, ko mai ƙunshi, ko mai zanen ƙwarya? Mun saba da kyau wanda ba ya kwaikwayon fuskar kowa. Bambancin dai shi ne namu yawanci a jere yake, a tsare, dama ta yi daidai da hagu. Nasu kuwa sau da yawa a sake yake. Ya fi kama da sararin sama idan hadari ya taso daga gabas da la'asar: ga baƙi, ga toka-toka, ga wani ja-ja a gefe, ba hoton komai ba ne, amma sai kin tsaya kin kalla, kuma sai ya taɓa miki zuciya.

Inda gizo ke saƙa

To ga matsalar. Fenti da buroshi abu ne mai taushi. Idan mai zane ya ja buroshi, farkon layin yakan yi kauri, ƙarshensa ya sirance har a ga sawun gashin buroshin. Launi yakan narke cikin launi, shuɗi ya shiga ruwan ɗorawa a sami tsanwa a tsakani ba tare da iyaka ba. Wani wuri ya yi duhu, wani ya yi haske har a hango abin da ke ƙarƙashi. Wani lokaci fentin ya ɗiga ya gangara. Waɗannan su ne alamun da ke sa ido ya ce, lallai hannun mutum ya bi ta nan. Masana zane suna da kalma guda da suke kiran wannan hali, mu kuwa bari mu kira shi sawun buroshi.

Katako ba haka yake ba. Wuƙa ta yanke ta yanke, gefensa kaifi ne, launinsa shimfiɗe yake bai-ɗaya, kuma kowane launi da nasa katakon. Idan kina son launi takwas, sai ki sassaƙa katako takwas, ki buga takarda ɗaya sau takwas, kowane bugu ya sauka daidai inda ya kamata. Aiki ne na lissafi da haƙuri, mai cin watanni. Shi kuwa sawun buroshi abu ne na ƙiftawar ido. Haɗa waɗannan biyu kamar a ce miki ki yi dambu amma ya fito da santsin kunu ne.

An bi hanya biyu wajen warware wannan. Ko dai a lallaɓa katakon da takardar har su koyi halin buroshi, ko kuma a buga zanen sannan a ɗauko buroshin gaske a bi ta kansa. Bari mu ɗauki kowace hanya da mutumin da ya ƙware a kanta.

Helen da katakonta

An haifi Helen Frankenthaler a birnin Niyok na Amurka a 1928. Mahaifinta alƙali ne, ita ce auta cikin 'ya'ya mata uku. A 1952, tana da shekara 23, bayan ta dawo daga wata tafiya bakin teku a ƙasar Kanada, ta yi wani abu da ya sauya tafiyar zane a ƙasarsu. Ta shimfiɗa babban yadi mai kauri a ƙasa, wanda ba a shafa masa komai ba, ta tsinka fentinta da mai har ya zama ruwa-ruwa, ta riƙa zubawa a kai. Fentin bai zauna a saman yadin ba, sai ya nutse cikin zaren, ya zama kamar rini. Duk wadda zoɓo ya taɓa zube mata a farin mayafi ta san yadda launi ke bin zare yana yaɗuwa, tsakiya ta yi duhu, gefe ya yi haske. Abin da mu muke gudu, shi ta mayar sana'a. Ta sa wa zanen suna Mountains and Sea, wato duwatsu da teku, kuma manyan masu zane maza da suka gan shi a 1953 sun koma sun bi hanyarta.

Mai irin wannan hannu, da ta saba da ruwa yana gudu yadda ya ga dama, ita ce za a ce ba ta da abin yi da sassaƙa. Amma wata mata mai gidan bugu a kusa da Niyok, Tatyana Grosman, ta jawo ta. Ta fara da bugun dutse a 1961, sannan a 1973 ta yi bugun katakonta na farko mai suna East and Beyond.

Ga dabararta ta farko. A bugun katako na gargajiya, akan ga ɗan farin layi tsakanin launi da launi, ko baƙin layi da ya kewaye kowanne. Ita ba ta son wannan shinge. Sai ta ɗauki siririn falanki, ta yanka shi gunduwa-gunduwa da ƙaramin zarto mai aiki da lantarki, kowace gunduwa da launinta, guda takwas. Aka riƙa buga su ɗaya bayan ɗaya, ana auna su sosai yadda launi zai taɓa launi ba rata. Da aka ɗaga takardar, sai launukan suka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar zuba su aka yi.

Dabara ta biyu ta zo ne lokacin da ta koma aiki da wani gwanin bugu mai suna Kenneth Tyler. A 1977 suka yi Essence Mulberry. A harabar gidan bugun akwai wata bishiya mai ƙananan 'ya'ya masu ruwa ja mai duhu, launin ruwan 'ya'yan nan shi ta nema a takarda. Don kada launin ya fito a shimfiɗe, sai ta riƙa kurje fuskar katakon da samfefa, da kayan aikin likitan haƙori, har da magogin kicin irin wanda muke goga kuɓewa da shi. Inda aka kurje, tawada ba ta kamawa sosai, sai launin ya fito da hazo-hazo, jijiyar katakon tana leƙowa ta ƙarƙashi. Kin ji kayan kicin sun shiga aikin da yau yake rataye a manyan gidajen adana zane na duniya.

A 1983 ta tafi birnin Kiyoto na Japan, ƙasar da ta shahara da bugun katako da launin ruwa, ta yi aiki da masassaƙi da mabugi na can. Su ba sa amfani da injin matsi. Da buroshi suke shafa launi a katako, su kifa takarda, su murza bayanta da wani ɗan faifai a tafin hannu. Wato tun a wurin shafa launin hannu ya riga ya shiga.

Dabara ta uku ita ce ta rina takardar kanta. A aikinta mai suna Freefall na 1993, wanda tsayinsa ya kusa mita 2, an fara rina takardar da hannu tun tana jiƙe, launi ya nutse cikinta, sannan aka buga katako guda 21 a kai. Shuɗi ne mai zurfi da ke sauka daga duhu zuwa haske, mai kallo ya ji kamar zai faɗa ciki. A nan launin hannu yana ƙarƙashi, bugu yana sama.

Ƙololuwar aikinta ita ce Madame Butterfly ta shekarar 2000. Ta fara zana samfuri da fenti a kan falanki uku. Sannan ita da Tyler da wani gwani ɗan Japan mai suna Yasuyuki Shibata suka zauna mayar da wannan samfuri bugu. Katako 46 aka sassaƙa, launi 102 aka haɗa, a kan takarda uku da aka jera, faɗinsu ya kai mita 2. Ita kanta takardar da hannu aka yi ta, aka ba ta launin katako. Guda 33 aka buga. Wanda ya tsaya gabanta zai rantse cewa ruwan fenti aka watsa sau ɗaya, fari da shunayya da ruwan hoda suna buɗewa daga tsakiya kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Alhali kowane ɗigo da ke kama da ganganci, sassaƙa shi aka yi, aka gwada, aka sake gwadawa. An san Helen da tsanani a wannan wuri: takan sa a yi ta bugun gwaji tana ƙi, har sai launin ya zauna yadda take so. Ta rasu a 2011 tana da shekara 83. A 2021 wani gidan zane a Landan ya tara bugun katakonta ya nuna wa jama'a.

Hodgkin da buroshin wani

Hanya ta biyu kuwa, wato bin bugu da buroshin gaske, gwaninta wani Bature ne ɗan Ingila, Howard Hodgkin, wanda aka haifa a Landan a 1932, ya rasu a 2017. Mutum ne mai son launi mai ƙarfi, ja da kore da ruwan goro, kuma mai yawan zuwa Indiya tun daga 1964. A 1985 ya ci kyautar Turner, babbar kyautar masu zane ta Ingila. Shi bai yarda a ce zanensa marar siffa ba ne. A wurinsa kowane zane tunawa ce da wani wuri, ko wata hira, ko wani hali da ya shiga. Amma ke mai kallo, manyan shafe-shafen launi za ki gani.

Tun ƙarshen shekarun 1970 ya fara sa wa bugunsa launi da hannu. Daga 1986 ya koma aiki da wani mabugi mai suna Jack Shirreff a wani ƙauyen Ingila, wanda ya nuna masa wata dabara. Akwai wani gari mai kaushi da ake kira kaborandam, irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da shi. Sai a kwaɓa shi da gam, mai zane ya ɗebo da buroshi ko da hannunsa ya shafa a faranti. Idan ya bushe sai ya ƙanƙare da duk tudu da kwarin da buroshin ya bari. Wannan kaushi yana riƙe tawada da yawa, kuma idan aka wuce da shi cikin injin matsi, sai ya lotsa takardar. Launin ya fito da kauri, har ki ji kina so ki shafa.

Bayan wannan sai launin hannu. Wani lokaci ana fara shafa fenti a farar takardar kafin a buga. Wani lokaci a tsakanin bugu da bugu. Wani lokaci kuma a ƙarshe, a ja buroshi mai faɗi a saman komai. Da haka zanen yake samun hawa-hawa, ido ya kasa rabe wanne ne bugu, wanne ne fenti.

Ga abin mamaki. Yawanci ba Hodgkin ne yake riƙe buroshin ba. Yakan tsaya ya nuna wa mabugin irin jan da yake so, da nauyin hannu, da saurinsa, shi kuma mabugin ya maimaita a kan kowace takarda. Dalilinsa shi ne, idan shi ya riƙe, zuciyarsa za ta riƙa raya masa ya gyara nan ya ƙara can, kowace takarda ta zama wani zane daban. Hannun wani kuwa zai tsaya kan umarni. Duk da haka ba a taɓa samun biyu da suka zama ɗaya sak ba, don ruwa ba ya gangara sau biyu ta hanya ɗaya. Abin ya yi kama da uwargida da ta koya wa 'yarta miyar gidansu: kayan haɗi ɗaya, awo ɗaya, amma wanda ya saba ci ya san ranar da hannu ya sauya.

A 1995 ya yi wasu zanuka huɗu na birnin Fenis na ƙasar Italiya, birnin da ke zaune cikin ruwa: safiya, da rana, da yamma, da dare. Da faranti iri ɗaya aka buga dukkansu. Tawada da launin hannu kawai aka sauya, sai ga lokuta huɗu mabambanta sun fito daga ƙarfe ɗaya. A 2009 kuma ya yi As Time Goes By, takarda biyar a jere, tsawonsu ya kai mita 6, ya fi bangon ɗakunanmu da yawa. An yi shi iri biyu, mai rinjayen ja da mai rinjayen shuɗi.

Mu ma ba a bar mu a baya ba a harkar bugu. Bruce Onobrakpeya, ɗan jihar Delta da aka haifa a 1932, wanda yana cikin manyan masu bugun zane na Afirka, a Zariya ya yi karatunsa daga 1957, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello.

Komawa ga atamfa

Na ce miki mai sanin atamfa tana da idon wannan aiki, ga dalili. Atamfar Holan da kamfanin Vlisco yake yi, kamfanin da aka kafa a 1846, ita ma bugu ce. Manyan ƙarafa masu zane ne suke buga wani abu mai danƙo a fuska biyu na yadin, a tsoma shi a rini, rinin ya kama inda danƙon bai rufe ba. Danƙon yakan tsattsage, rini ya bi tsagar, shi ne 'yan jijiyoyin nan da ɗige-ɗigen da kike gani. Shekaru da yawa, sauran launukan da hannu ake buga su da katako, launi bayan launi, kafin inji ya karɓi aikin. Shi ya sa a tsofaffin zannuwan iyayenmu za ki ga launi ya ɗan haura layi, ko ya ɗan gaza kaiwa. Masu saye ba su ɗauki wannan aibi ba. Da shi ma suke gane ta ainihi, har masu kwaikwayo suka koma suna buga kaucewar da gangan. Sai dai ta kwaikwayo a wuri ɗaya take maimaita kanta, yadi bayan yadi.

To haka masu sayen bugun zane suke yi. Suna duba gefen launi, ko kaifi ne ko ya narke. Suna karkata takardar a haske don su ga inda fenti ya hau kan tawada, domin ƙyallinsu ba ɗaya ba ne. Suna duba ko faranti ya bar lotsawa a kewaye. Idan sun sami biyu daga bugu ɗaya, sai su jera su, su nemi inda suka saɓa.

Gwada da kanki

Ba sai da injin matsi za ki ga wannan da idonki ba. Ki sami dankalin Hausa babba, ki raba shi biyu, ki goge ruwan da tsumma. Ki sassaƙa wata siffa mai sauƙi da ƙaramar wuƙa, ko da'ira, ko layi uku, ko rabin dagi. Ki zuba 'yar tawada a kan soso a faranti, ki dangwala, ki buga a farin kwali guda goma. Ki bari su bushe sarai. Sannan ki jiƙa zoɓo mai kauri, da kurkum, da bular wanki, kowanne a murfinsa. Ki ɗauki auduga ko gashin kaza, ki ja launi sau ɗaya a kan kowane kwali, ba tare da komawa gyara ba. A biyu ko uku daga ciki, ki fara shafa launin, ya bushe, sannan ki buga a kai. Ki jera su a tabarma ki kira yara su nemo biyu masu kama ɗaya. Wuƙar dai ta tsaya a hannunki, su a ba su shafa launi. Ki sani kuma launin zoɓo da kurkum ba ya jure rana, zai koɗe, don haka wanda kike son ajiyewa sai ki nemi kalar ruwa ta 'yan makaranta.

'Yar'uwa, da yawa cikinmu muna sana'ar hannu a cikin ɗaki, ɗinkin hula, saƙa, ƙunshi, kwalliyar zanen gado. Sau da yawa mai saye yakan ajiye namu kusa da na inji ya ce namu bai miƙe ba, don ya rage kuɗi, mu ma sai mu ji kunya mu sallama. Lallai akwai karkatar da ta fito daga sakaci, wannan gyara take so, kuma kin ji yadda Helen take mayar da gwaji har sai ya yi. Amma akwai bambancin da ke zuwa don hannu ne ya yi, bayan an ƙware an kuma natsu. Wannan shi ne abin da aka sassaƙa katako 46 ana nema. Idan kin tabbata aikinki na biyun ne, ki faɗi kuɗinsa ba tare da sunkuyar da kai ba, ki kuma nuna wa mai saye inda hannun yake.

A nan za mu dakata. Wadda ta gwada bugun dankalin, ta ba maigida ko yaro ya kawo mana wasiƙa mu ji yadda ta kaya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida yara, a huta lafiya.